'Yar sana'ar da nake yi da wayata

Gaskiya ni ban yarda da masu cewa sayar da ƙananan kaya a intanet babu wahala ko kaɗan ba, akwai aiki, sai dai bai kai ya hana ka babban aikinka ba. Da caja da agogon hannu na fara, nakan saro kaɗan kaɗan, abin da zai shiga jaka ɗaya, mara nauyi wajen aikawa kuma ba ya lalacewa in ya kwana biyu.

Hoto shi ne rabin cinikin wallahi. Farin ƙyalle nake shimfiɗawa kusa da taga da safe in ɗauka, in sa a status na WhatsApp, tunda awa 24 yake yi ya ɓace kullum sai na sabunta, sauran kuma in sa a Facebook Marketplace, wato shashen saye da sayarwa na Facebook da aka buɗe tun 2016. Ka rubuta farashi a ƙarƙashin hoton don Allah, in ba haka ba "nawa ne?" zai cika maka waya har dare.

Inda na fara yin asara kuɗin aike ne, ban lissafa shi ba, ribar wata guda ta tafi a nan. Yanzu littafi gare ni, uwar kuɗi daban, riba daban, bashi kuwa na daina bayarwa.