Godiya ga iyalan da suka karɓe ni a Hanoi

Salam jama'a, Alhamdulillah na iso gida lafiya, amma wallahi ba zan huta ba sai na fito fili na gode wa abokin kasuwancina na Biyetnam da mahaifiyarsa da duk gidansu kan abin da suka min ranar Juma'ar nan.

Tun da sassafe ya zo da mashin ya ɗauke ni, muka zagaya tafkin Hoan Kiem, muka hau jar gadar da ke kan tafkin, daga nan sai Van Mieu, wani tsohon wurin ibada da girmama malamai da aka gina tun 1070, inda na tsaya na daɗe ina kallon allunan dutse 82 a kan bayan kunkurun dutse ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar sarki, kai mutanen nan sun girmama ilimi. Ban ma tuna masa ba, da rana ta yi shi da kansa ya kai ni masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc, ya zauna a waje cikin zafi har aka idar da salla.

Da yamma ne bikin, ɗiyar ƙanwarsa ta cika wata ɗaya da haihuwa, su a nan ne dangi suke taruwa. Gaskiya na tafi da fargabar abinci tunda naman alade yana shiga girkinsu sosai, ashe Mama ta riga ta tambayi ɗanta me nake ci me ba na ci, ta sayi sabuwar tukunya da sabon kasko saboda ni kaɗai, ta soya min cha ca, kifi ne da gangamau da wani ganye mai ƙamshi ana ci da taliyar shinkafa da gyaɗa, ga jar shinkafa mai danƙo da suke kira xoi gac. Da aka zo zagayen giya ita ta ɗaga hannu ta ce a zuba wa baƙo shayi. Ba ma jin yaren juna amma duk lokacin da kwanona ya yi ƙasa sai ta ƙara.

Har jaririyar suka miƙo min na riƙe, ni baƙon kwana huɗu.

Mama na gode, abokina na gode, Allah ya raya yarinyar nan ya ba mai jego lafiya. Na yi alkawarin aiko da kilishi da zoɓo, kuma ɗaki na nan a Kano duk ranar da kuka shirya.