Gawa ma tana da haƙƙi a kan gari

Jiya a horon 'yan agaji an yi mana tambayar da ta hana ni barci: in mutum ɗari suka rasu a Jos lokaci guda, ina za a ajiye su, wa zai rubuta sunayensu?

Ba sabon abu ba ne a gare mu. Ranar 20 ga Mayu, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Terminus, sama da mutum 100 suka rasu. Ina cikin waɗanda suka bi asibiti-asibiti suna neman ɗan'uwa. Na ga wata baiwar Allah tana ɗaga zanen da aka lulluɓe mamata da shi, ɗaya bayan ɗaya, tana duba ƙafa, don ta san takalmin ɗanta.

Malamin da ya horar da mu ya ce abin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya (ICRC) da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) suke koyarwa shi ne, gawar wanda bam ko ambaliya ta kashe ba ta haddasa annoba, don haka babu dalilin tura mutane rami ɗaya cikin gaggawa. A ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta inda aka same ta da kayan jikinta, sannan a binne a kabarin da aka yi wa alama. Addini ya ce a gaggauta jana'iza, haka ne, amma wannan aikin mintoci ne kawai.

'Yan'uwa, hukumomin agajin gaggawa na tarayya (NEMA) da na jiha (SEMA) ba za su iya su kaɗai ba. Limamai, fastoci, masu unguwanni, a zauna tun yanzu a san inda jakunkunan gawa, likkafani da janaretan mutuware za su fito. Ku ajiye lambar kiran gaggawa ta 112 a wayoyinku.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.