Kafin ka ɗaga kyamara, san gidan ango da na amarya

Ƙanena mai sha'awar sana'ar hoton biki, yawancin abin da muka sani a harkar nan asara ce ta koya mana, kuma daga wuri ɗaya take ɓullowa: ango ya kira ka a waya, kun yi ciniki, ya turo kafin alƙalami, ba ku sake haɗuwa ba sai ranar biki. A karkarar Gaya, Ringim ko Kazaure, ango shi ke biya, amma rabin aikinka a gidan da ba shi da ta cewa za ka yi shi.

Ana saura mako 2, ka je garin da ƙafarka. Ka zauna da ango da babban abokinsa, sannan su raka ka soron gidan su amarya ka gaida mahaifinta ko baffanta. Ka durƙusa, ka faɗi sunanka da garinku, ka nemi izini baki da baki: namiji zai shiga tsakar gida ranar kamu da wuni? Idan an ce a'a, ba gardama. Ka nemo mace ka koya mata riƙe kyamara, ko ka ajiye wannan sashen ka rage kuɗinsa.

Amarya da wuya ta buɗe baki a gabanka, kunya ba za ta bar ta ba. Ka tambaye ta ta bakin babbar ƙawarta ko yayarta. Kala nawa za ta sa, a wace rana? Yaushe za a yi ƙunshi? Wace gwaggo ce ta riƙe ta, wace kaka ce in ba ta cikin hoto za a yi fushi? Ka rubuta sunayen, ka sa a nuna maka su ranar. Sai babbar tambaya, wadda a ganina ta fi duk sauran: wa aka yarda ya ga hotunan? Akwai angon da ba ya son fuskar matarsa a Facebook ko TikTok, akwai uban da bai yarda da hoton kafin aure ba sam. Hoto ɗaya da ka ɗora don talla zai iya haɗa surukai faɗa tun ba a kai amarya ba, ya kuma rufe maka ƙofar garin gaba ɗaya. In an yarda da hoton kafin auren, a yi shi da ɗan rakiya, kada ka ce su riƙe hannu ko su matso.

Ka nemi ganin wakilin ango da waliyyin amarya ido da ido. Ɗaurin aure ba ya wuce 'yan mintuna, kuma bayan sallar Juma'a, musamman da kaka ko gab da azumi, akan ɗaura aure da yawa a masallaci guda. Wanda bai san fuskoki ba sai ya ɗauko miƙa sadakin wasu.

Tun kana garin ka duba haske. Ɗakin da za a yi kamu yakan zama mai ƙaramar taga, filasha kai tsaye kuwa tana mayar da hodar amarya fari fat kamar toka. Ka karkata filashar zuwa bango, ko ka roƙa a zaunar da amarya kusa da ƙofa. A waje, farar shaddar ango a ranar azahar tana ruɗar kyamara, fuska ta fito baƙi ƙirin, don haka ka auna hasken a kan fuska. Inuwar darbejiya tana zana tabo-tabo a jiki, inuwar katanga ta fi ta. Hoton dangi ka ajiye shi bayan la'asar. Kai amarya sai dare, ka taho da fitila mai caji.

Ka tambaya ko akwai wuta ko janareto. Ko an ce akwai, ka riƙe batir 3 cike da memori 2, da ƙyalle mai laushi na goge gilashi saboda ƙurar hunturu.

Kafin ka hau babur, a rubuta yarjejeniya a gaban babban aboki: ranaku nawa, hoto nawa za a wanke, firem nawa, kuɗin mota a kan wa, ranar biyan ciko da ranar kawo aiki. Ango ya riƙe takarda ɗaya, kai ɗaya, ka kuma karɓi lambar babbar ƙawa, don ranar biki wayar ango ba ta samuwa.