Godiya ga waɗanda suka shirya mana tafiyar Addis Ababa

Alhamdulillahi, an tashi daga taron ƙara wa juna sani da aka yi a Addis Ababa, kuma kowa ya isa gida lafiya. A madadin 'yan uwana mahalarta, ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taron, musamman waɗanda suka zauna suka rubuta takardar bayanin tafiya da aka turo mana tun ana saura makonni. Ba su hau mumbari ba, ba a tafa musu ba, amma wahalarsu ce muka ci moriya.

Abin da takardar ta fara da shi shi ne a taho da rigar sanyi, da laima, da rufaffen takalmi. Wanda ya ji an ce Afirka ta Gabas, zafi zai sa a ransa. To, birnin kan tudu yake, sama da mita 2,300 daga doron teku, kuma Yuli da Agusta ne tsakiyar daminarsu, wadda ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba. Da rana da ƙyar ma'aunin zafi ke haura 20, da dare kuwa ya sauko wajen 10. Sai ka ga gari ya waye tas, kafin la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Da muka fito daga filin jirgin Bole iska ta buge mu, kowa hannu ya kai jaka ya zaro rigarsa, ba wanda aka bari yana rawar ɗari.

Inda suka fi burge ni shi ne batun numfashi. Sun bayyana mana cewa a wannan tsayi nauyin iska kusan kashi uku ne cikin huɗu na wanda ake samu a bakin teku, don haka duk shaƙa ɗaya ba ta kai wa jiki abin da ya saba samu. Shi ya sa suka bar ranar farko babu zama, suka ce a huta, a yawaita shan ruwa, kada a yi gaggawa a kan bene. A daren nan wani dattijo cikinmu ya kama ciwon kai, numfashinsa na sama-sama. Malamar jinyar da aka tanada ta zo nan take, ta maƙala masa ɗan na'urar awo a yatsa, ta zauna gefensa tana duba lambar har ya samu barci. Baba ya warware, har ya gabatar da maƙalarsa a tsaye. 'Yar uwa, Allah ya biya ki.

Batun takardu ma ba su bar mu a duhu ba. Sun nuna mana yadda ake neman biza ta intanet, sun kuma tuna mana cewa katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, don haka masu buƙata suka yi ta da wuri.

Sai direbobinmu. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu. Don gudun ruɗani, kwamitin ya rubuta lokutan biyu a katin kowa, da lambar mota. Cikin ruwa da cunkoso bayin Allah nan suka yi ta jigilarmu, wasunsu tun kafin asuba suke tsaye a ƙofar masauki saboda masu jirgin sassafe, ba mu ga fuskar kowa ta canja ba.

Ga shugabannin kwamiti, da ma'aikatan masauki da suka ƙaro mana barguna ba tare da mun roƙa ba, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa albarka a zuriyarku.