Wasiƙa daga Faransa: a zana tsakar gida kafin a zana falo

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Maraɗi. Ina gaida manya da yara, ya zafi? Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa cikin saƙonninku: mutum ya samu fili a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya turo hoton gidan Turai da ya gani a Facebook, yana so a zana masa gida irinsa. Zan taɓo tsarin ɗakuna, ruwa da lantarki.

Gidan da ke cikin hoton nan don sanyi aka yi shi. A nan, cikin watan Disamba rana kan faɗi tun wajen ƙarfe biyar, ɗumama gida kuma na cin kuɗi. Shi ya sa suke buɗe manyan tagogin gilashi don rana ta shigo, su matse ɗakuna jikin juna kada ɗumi ya tsere, kicin kuma yana cikin falo tunda girkinsu ba daka, ba hayaƙin itace. Ka ɗora wannan a Maraɗi, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ka gina wa iyalinka tanda.

Abin da ya cancanci koyi a wurinsu shi ne takarda, kuma har yau tana ba ni mamaki. Ba a haƙa ko ramin harsashi sai ma'aikatar magajin gari ta ga zanen fili, da inda gidan zai zauna a cikinsa, da tazararsa da katangar maƙwabci, da tsayinsa. Ana jiran amsa wata 2. Gidan da ya wuce murabba'in mita 150 dole ƙwararren mai zanen gini ya sa masa hannu. In izini ya fito, a kafa allo a bakin fili, maƙwabta su sami wata 2 na ƙorafi. Akwai gajiya, amma rigimar da za a yi bayan an zuba siminti a kan takarda ake gama ta. Ku ma ku riƙe takardar mallakar fili, ku nemi izinin gini, ku sa mai awo ya tabbatar da turakan iyaka huɗu kafin magini ya ja igiya. Katangar da ta ci santimita 30 na hanya ko na maƙwabci ƙarshenta rushewa ne.

A fili mai mita 20 a kan 20, fara da tsakar gida, ka bar mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Nan ake daka, wanki, shanya, nan ake kwana a bazara, nan ake ɗaure ragon layya, nan mata ke zama ranar suna. Zaure ko ɗakin baƙi ya zauna bakin ƙofa da makewayinsa, a karya hanyar shiga yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango cikin gida ba. Ƙofar mota mita 3, wurin ajiyarta 3 a kan 6.

Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli arewa da kudu, biyu suna fuskantar juna don iska ta ratsa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙa fitar da zafin har tsakar dare, don haka makewayi da ɗakin ajiyar hatsi za a jingina masa, ba ɗakin kwana ba. Hadarin damina da ƙurarsa yawanci ta gabas suke bugowa. Ƙofar da ke wannan ɓangare a yi mata rumfa. Ɗaki 4 a kan 4 kuma, a rubuta a zane cewa awon ciki ne. In magini ya auna daga waje, bulo mai kaurin santimita 15 da shafe za su cinye kusan santimita 35, gado da kabad su ƙi zama. Lungu tsakanin ɗakuna kada ya gaza mita 1.20.

Ruwa ne ke kashe gida. Tsohon garinmu ma ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ce ta sa aka hau tudu. Daɓen gida ya ɗara titi da santimita 50 zuwa 60, domin titi na tashi duk lokacin da aka zuba masa ƙasa, gidan da aka yi daidai da shi kuma ya koma kwari. Tsakar gida ta gangara zuwa rariya. Kicin da makewayi su taru gefe ɗaya don bututu ya gajarta: na bayan gida mai faɗin milimita 100, yana gangara santimita 2 a kowace mita. In gangarar ta gaza haka, ƙazanta ta kwanta ta toshe. Ramin masai ya zauna kusa da katangar titi inda motar kwashewa za ta kai, nesa da rijiya da aƙalla mita 15, kuma kada a ɗora masa ɗaki. Alƙibla daga Maraɗi gabas ce da ɗan karkata arewa, sai mazaunin makewayi ya kalli arewa ko kudu.

Mai niyyar ɗora bene nan gaba ya faɗa tun yau, don harsashi da ginshiƙai su ɗauki nauyin, a kuma ware wa matakala wajen mita 2.20 a kan 4. Lantarki dai a binne bututun waya kafin shafe. Batun kuɗi sai wasiƙa ta gaba. A gaida mutanen gida.