Sai da Toka ta haihu sau uku kafin na kai ta wurin likita

Magenmu Toka ta shigo gidanmu tana 'yar mitsitsiya, tafin hannu ɗaya ya ishe ta kwanciya. 'Yata ce ta tsinto ta, ita ce kuma ta raɗa mata suna saboda launin gashinta. Ban taɓa kawowa a raina cewa magen da ba ta wuce wata 6 ba za ta ɗauki ciki, sai da na ga cikinta ya fara bajewa ta gefe da gefe. Daga baya ne likitar dabbobi ta gaya mini cewa mage kan ɗauki ciki tun tana wata 4, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kacal, sannan tana iya sake ɗauka tun ba ta yaye na goye ba.

Cikin wata 14 Toka ta haihu sau 3, 'ya'ya 13. Na farko mun rabar da su cikin murna. Na biyu sai da muka yi ta roƙon mutane. Na ukun su ne har yau nake jin su a ƙirjina.

Su huɗu ne, sun kai wata 2, suna ta tsalle-tsalle. Wata safiya na tarar da ɗaya ya durƙusa a bakin kwanon ruwa, ya sunkuyar da kai kamar zai sha, amma bai sha ba. Ya daɗe a haka. Da yamma amai ya fara, washegari gudawa mai wari, jikinsa ya bushe har in ka ja fatar wuyansa sai ta tsaya cak ba ta koma ba. Cikin kwana 5 uku sun mutu. 'Yata ta riƙe na ƙarshen a cikin tsumma tana cewa, “Umma, har yanzu da ɗuminsa,” ni kuwa na kasa ce mata komai. Cutar da ta kashe su ƙwayarta 'yar uwar fabo ce, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo. Tana cinye ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, tana iya zama a ƙasa kusan shekara guda, mutum ma yana kwaso ta a takalminsa ya shigo da ita gida. Kuma tana da rigakafi: ana fara allurar daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har su kai mako 16. Ko ɗaya ban yi musu ba.

Abu biyu ne suka hana ni kai Toka a yi mata tiyatar hana haihuwa, kuɗi da tausayi. Na taɓa tambayar kuɗin tiyata a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, da na ji sai na ja da baya, ban sake tambaya a ko'ina ba. Tausayin kuwa ya fi kuɗin ƙarfi. Ina ganin kamar zalunci ne a tsaga cikin dabba mai ƙoshin lafiya, ga mutane suna ta cewa a bar ta ta ɗan haihu tukuna, wai ya fi mata lafiya. Wannan magana ba ta da tushe. Magen da aka cire wa mahaifa da ƙwan haihuwa tun kafin ta fara neman muzuru, haɗarin kamuwarta da sankarar mama yana raguwa ƙwarai, kuma galibin ƙullutun mama a jikin mage mugu ne. Ga kuma ciwon da mahaifa ke cika da mugunya, wanda ke kama karya da mage idan shekaru suka ja. In ya zo, tiyatar gaggawa ce, mai tsada, mai haɗari. Ina ganin ƙashin bayan Toka yana fitowa bayan kowace haihuwa, amma ina kiran abin da nake yi tausayi.

Bayan mutuwar 'ya'yan ne na nemi wurin da ake yin aikin da rahusa, na samu wani da ƙungiyar kula da dabbobi ke gudanarwa. Na je da shakka a zuciyata, don an ce araha ba ta ado. Na tambayi likitar kai tsaye, “Likita, me aka rage har kuɗin ya sauka haka?” Ta ce, “Hajiya, ba daga jikin magenki aka rage ba.” Ta bayyana mini cewa masu ba da tallafi ne ke ɗaukar wani kaso, kuma su aiki iri ɗaya suke yi daga safe har yamma, ba su da na'urori masu tsada na binciken sauran cututtuka. Hannun da ya saba yana gamawa da wuri, dabba ba ta daɗewa cikin maganin barci. A wurare da dama makarantun koyon likitancin dabbobi da ma'aikatun gwamnati ma suna yin irin wannan, musamman a kusa da ranar fiɗiye dabbobi ta duniya, Talatar ƙarshe ta Fabrairu.

Duk da haka ban ce duk mai araha a miƙa masa dabba ba. Ni sai da na tabbatar likita ce mai lasisi, za a sa maganin barci, za a ba da maganin rage zafi, kowace dabba da nata kayan aikin da aka tsabtace, kuma akwai lambar da zan kira in ɗinki ya buɗe da dare. Wanda zai danne muzuru ya fiɗiye shi ido biyu, ko kyauta ne ba na so.

Na hana Toka abinci tun dare kamar yadda aka umarce ni. Da yamma na karɓo ta tana layi, idanunta sun yi manya-manya, an aske mata ɗan wuri a ciki, ɗinkin bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. An sa mata abin wuya mai kama da mazurari don kada ta lashe wurin, aka ce kwana 10 zuwa 14 a hana ta tsalle. Likitar ta ja mini kunne sau biyu: kada in kuskura in ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

A layin jira na zauna kusa da wani dattijo da karensa, jikansa na riƙe da igiyar. Rigakafin ciwon haukan kare ya kawo su. Ya ce da ni, “'Yata, wannan allurar ta yaron nan ce, ba ta kare ba.” Gaskiya ya faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare ko yagarsa, kuma 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, yaɗuwar tana tsinkewa. Ba za a kai wannan adadi ba in masu hali kaɗai ke iya biya, shi ya sa nake ganin rahusar nan ba alfarma ba ce ga masu dabbobi, kariya ce ga duk yaron da ke wasa a waje. Mage ma ana yi mata, daga mako 12, kuma ranar na sa aka yi wa Toka.

Ɗanta da ya tsira muzuru ne, muna ce masa Saura. Yana cika wata 5 na mayar da shi wurin likitar nan aka fiɗiye shi. Aikinsa bai kai na uwarsa ɗaukar lokaci ba, washegari ya koma bin igiya. Katinsu na allura guda biyu suna manne a bayan ƙofar ɗakina, 'yata ta zagaye ranar komawa da jan biro.