Ƙwallo 28 da na manta

Makon jiya na mayar da littafin maki da rigar aiki, bayan shekara shida ina zama a teburin lissafi na wasan kurket na mata. Abokan aiki sun ce in rubuta wani abu saboda masu tasowa. Na zauna da niyyar jera nasihohi, sai na tarar abu ɗaya ne ya tokare min rai, kuma in ban fitar da shi ba, sauran duk zancen fatar baki ne.

Duk wanda ke cikin harkar ya san yadda gajerun gasanninmu suke. Tun ranar 1 ga Yulin 2018 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ce duk wasan T20 (wanda kowace tawaga ke buga oba 20, kowace oba ƙwallo shida) na mata da aka buga tsakanin ƙasashe membobinta, wasan duniya ne cikakke. Shi ya sa wasanni biyar da Najeriya ta yi da Ruwanda a Abuja cikin Janairun 2019 suka shiga kundi ɗaya da na Ingila da Ostareliya. Mun ci uku sun ci biyu, a watan Satumba muka je Kigali suka rama daidai wa daida. Daraja ta zo, amma kuɗi bai biyo ta ba. Har yau za ka ga tawaga ta sauka da 'yan wasa da koci da manaja, shi ke nan. Babu mai rubuta maki, babu mai lissafi, domin kuɗin tikitin mutum ɗaya ma da ƙyar aka haɗa.

Irin wannan tawagar aka haɗa ni da ita a wata gasa ta mako guda. Ƙasashe huɗu, kowa zai kara da kowa sau ɗaya, biyu na sama su buga wasan ƙarshe. A takarda ni mai rubuta musu maki ce. A zahiri kuwa ogan sashenmu ya ɗora min motarsu da abincinsu da ruwan shansu, har da bin mai wanki. Ban yi ƙorafi ba. Yaran sun shiga raina, Anti suke ce min, kullum da safe sai kyaftin ɗinsu ta karɓi jakata ta riƙe min har mota.

A wasansu na farko sun sha kashi, aka fitar da su duka (wato masu bugunsu goma) a oba 15.2, wato oba 15 da ƙwallo biyu. Na biyu suka ci. Ranar na uku, wasan safe ya ƙare ta yadda in suka yi nasara, maki zai zo ɗaya da na wata ƙasa, sai a koma ga net ran ret, wato a raba ran ɗin da ka ci (makin da masu bugu ke tarawa) da obobin da ka buga, a cire na abokan karawarka. Abokan hamayya suka fara bugu suka gama. Cikin ɗan hutun nan kyaftin ta zo teburina da gudu, hular kwano a hannu, ta ce, "Anti, cikin oba nawa za mu gama?"

Na jawo rasit ɗin abincin rana na juya bayansa, na buɗe kalkuleta a waya. Hannuna yana rawa, domin direba ma yana kirana a kan kuɗin mai. Lissafi ya ba ni 17. Ƙa'idarmu ita ce mutum biyu su duba irin wannan adadi kafin ya fita, kuma kwamfutar da ke ɗauke da teburin gasar tana hannun oga. Na ruga rumfar manyan baƙi na same shi yana raha da masu ɗaukar nauyi. Na rusuna na ce, "Yallaɓai, don Allah a duba min wannan, minti ɗaya." Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ke ce gwana ba? Je ki."

Na koma na ce mata 17.

Suka buga a natse, kamar yadda ya dace da wanda aka ce masa yana da lokaci. Ƙwallon da ya kauce su ƙyale shi, wanda ya zo daidai su tura shi su ɗauki ran ɗaya. A oba 15.1 suka kammala, mutum uku kacal aka fitar musu. Suka shigo fili da tutarsu suna rawa, wata ta ɗaga ni sama. Ina cikin wannan murna na hango alƙalin gasa yana tahowa da takarda, fuskarsa ba walwala.

Doka a fili take, kuma malamin da ya koya min aikin nan a Zariya ya nanata min ita har ba adadi: in aka fitar da tawaga duka, a lissafin net ran ret ana ɗauka ta buga obobinta 20 cif, ko da a ta goma ta faɗi. Ni kuwa na saka 15.2. Tsakanin ƙwallo 92 da 120 akwai 28, kuma su na ba su kyauta alhali ba su da su. Ashe a oba 12.2 ya kamata su gama. Da mutum bakwai a ajiye, wa ya sani?

Ban taɓa jin shiru irin na wannan yammacin ba. Rawa ta tsaya cak. Ƙaramarsu, wadda ba ta kai shekara 17 ba, ta zauna a ciyawa ta cusa kai cikin riga. Ni na je da ƙafata na faɗa wa kocinsu cewa kuskurena ne, kafin wani ya riga ni.

Da dare oga ya tara mu. A gaban kowa, har da yaran da nake koya wa aiki, ya ce na zubar da mutuncin gasa, kuma dama ya san ba a ɗora wa irina lissafi. Bai fassara "irina" ba, kowa ya gane. Rahoton da ya aika sama sunana kaɗai ke ciki. Babu maganar rumfa, babu ta kwamfuta, babu ta ayyuka huɗu da ya jibga wa mutum ɗaya. Laifi tudu ne. Na yi shiru, ina ganin mai laifi ba shi da bakin magana, kuma wannan shirun shi ne kuskurena na biyu. Lissafin nawa ne, na ɗauka, zan ɗauka har gobe. Amma ƙin dubawar ba nawa ba ne, kuma da na faɗi haka a daren, cikin ladabi, da ba a shafe shekara guda ana sa ni rabon ruwa ba, ana tura waɗanda na horar kwas a madadina.

Wani zai ce wasa ne kawai, wasan da ko 'yan kallo ɗari bai tara ba. Mai faɗin haka bai san abin da wasa ɗaya yake a wurin waɗannan yara ba. Wasu sai su shekara ba su sa rigar ƙasarsu ba sai a wannan makon. Ɗaya daga cikinsu malamar firamare ce da ta ɗauki hutu ba albashi. A 2019, da Ruwanda ta fitar da Mali duka alhali ran shida kacal ta ci a gasar Kwibuka da ake yi a filin Gahanga, ta kuma cimma adadin cikin ƙwallo huɗu, intanet ta cika da dariya. Ni abin da na gani sunayen 'yan mata 11 ne da suka shiga kundin duniya, kuma hannun wani mai rubuta maki ne ya sa su. A irin waɗannan ƙananan filaye aka ƙera tawagar da ta ciyo wa Najeriya tagulla a wasannin Afirka a Akara cikin Maris ɗin 2024. Ranar 20 ga Janairun 2025 kuma, da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Malesiya, 65 da 63 a wasan da ruwan sama ya rage zuwa oba 13, na yi kuka a gaban waya. Ran biyu ne tsakani. Mu na tebur mun san yadda ran biyu ke ɓata cikin ƙiftawar ido.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Oba 14.3 sha huɗu da rabi ne, a mayar da komai ƙwallo kafin a taɓa kalkuleta. A ɗaga wa alƙali hannu a kan kowace alama, kuma kada a bar ƙarshen oba ya wuce ba a daidaita da abokin tebur ba. In sama ta haɗa hadari, takardar DLS, wadda ake sake lissafin ran ɗin da ake nema da ita in ruwa ya rage wasa, ta kasance a hannu tun kafin ɗigon farko. Duk abin da ka nemi na gaba da kai ya duba, ka tura masa a rubuce, da lokaci a jiki. Wanda ke teburin maki kada ya yarda a haɗa masa da neman direba, ko waye ya ce. Tun daga wannan rana babu adadin da ya fita daga hannuna ya dawo, kuma uku daga cikin yaran da suka ji aka ci min fuska a daren nan, yau su ke riƙe da tebur.

Washegarin abin, da asuba, na raka tawagar mota duk da an ce ba sai na zo ba. Kyaftin ta karɓi jakata kamar kullum. Na fara ba ta haƙuri, ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, ko da kin ce 12, ba lallai mu iya ba." Ta yi jim, tana kallon 'yan'uwanta suna loda sandunan bugu. Sannan ta ce, "Amma da mun gwada."